MARIGAYI KANAR SHITTU ALAO, SHUGABAN MAYAƘAN SAMA

Jama'armu da ke zaune a Kudu ya kamata su san labarin Kanar Shittu Alao. Yadda suka bar gida suka zo Kudu neman abinci, haka iyayensa Yarabawa suka tafi Arewa, aka haife shi a Dorowa Babuje, cikin ƙasar Filato, a 1937.

Da fari sojan ƙasa ne. Da Gwamnati ta yi shirin kafa rundunar mayaƙan sama, wadda ta tabbata a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, sai aka zaɓe shi cikin hafsoshin farko, aka aika da shi Jamus horo.

A 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, aka tura George Kurubo jakadanci Rasha, sai aka ɗora Alao a kan rundunar. Lokacin nan matuƙa 'yan ƙasa ba su da yawa. Saboda haka bai zauna a ofis yana ba da umarni kawai ba, shi da kansa yakan hau jirgi ya kai farmaki.

Ran 15 ga Oktoba, 1969, yana tuƙa jirgi samfurin L-29 shi kaɗai, yanayi ya ɓaci, mai ya ƙare. Ya nemi sauka a Uzebba, arewa da Benin, jirgin ya bugi itace, nan ya cika. Bayan wata uku yaƙi ya ƙare, bai gani ba.

An sa wa barikin soja na Keffi sunansa. Allah ya jiƙan maza, amin.