Romare Bearden: Mai Zanen da Ya Gina Hoto da Gutsattsarin Takarda da Ƙyalle

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Romare Bearden, baƙar fatar Amurka wanda ya yi fice a fasahar liƙe-liƙe, wato harhaɗa gutsattsarin takarda da hotuna da ƙyallaye a manne su a allo guda su ba da hoto ɗaya. An duba tasowarsa, da doguwar lalubensa kafin ya samu salon da ya karɓe shi, da tasirinsa a kan waɗanda suka biyo baya. An kuma auna abin da mai koyon zane a ƙasar Hausa zai amfana da shi, tare da misali daga yankin noman rani na Kura da Bunkure.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin zane a ƙasar Hausa yakan yi kuka da abu biyu: tsadar fenti da kayan aiki, da kuma rashin sanin abin da zai zana wanda ba kwaikwayon wani ba ne. Rayuwar Bearden ta taɓa waɗannan matsaloli duka biyu. Ya shafe kusan shekara 30 yana zane da fenti, yana bin salo iri-iri, amma sunansa bai kafu ba sai bayan da ya haura shekara 50, lokacin da ya koma ga almakashi da gam da tsofaffin mujallu. Abin da ya yi ta liƙawa kuwa shi ne rayuwar mutanen da ya taso a cikinsu.

Turawa suna kiran wannan fasaha kolaj, daga kalmar Faransanci mai nufin mannawa. Ta shiga zanen zamani a 1912 ta hannun Pablo Picasso da Georges Braque a Faransa. Daga bisani Hannah Höch da Kurt Schwitters suka bunƙasa ta a Jamus. Saboda haka ba Bearden ne ya ƙago ta ba. Gudummawarsa ita ce mayar da ita hanyar ba da labarin al'umma.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Romare Bearden ranar 2 ga Satumba 1911 a garin Charlotte, cikin gundumar Mecklenburg ta jihar Karolina ta Arewa. A wancan zamani dokokin wariyar launin fata sun takura wa baƙaƙen fata a kudancin Amurka, har ta kai kimanin mutum miliyan 6 suka yi ƙaura zuwa biranen arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970. Iyayensa na cikin sahun farko. Yana ƙaramin yaro suka koma birnin New York, suka zauna a unguwar Harlem.

Mahaifiyarsa, Bessye Bearden, 'yar jarida ce, ita ce wakiliyar jaridar Chicago Defender a New York, kuma tana da hannu a harkokin siyasa da na ilimi. Gidansu ya zama matattarar marubuta da mawaƙa, irin su Langston Hughes da Duke Ellington. Duk da haka yaron bai yanke da kudu ba, domin yakan koma Charlotte wajen kakanninsa. Ya kuma zauna a Pittsburgh wajen kakarsa ta wajen uwa, wadda take da gidan saukar baƙi inda leburorin masana'antun ƙarfe, akasarinsu 'yan ci-rani daga kudu, suke kwana suna cin abinci. A can ya gama makarantar sakandare a 1929.

Waɗannan wurare uku su ne rumbun da ya yi ta ɗiba har ƙarshen rayuwarsa: ƙauyukan kudu da jirgin ƙasa da zakaru da mata masu aikin lambu, da Pittsburgh da hayaƙinta, da Harlem da cunkosonta da kiɗanta.

3.0 Shekarun Lalube

Ya yi karatu a jami'ar Lincoln da ta Boston, sannan ya samu digiri a fannin ilimi daga jami'ar New York a 1935. Ya koyi zane a hannun George Grosz, Bajamushen da ya baro ƙasarsa gab da hawan Hitler mulki, wanda ya sa shi nazarin ayyukan magabata. A wannan lokaci yana zana wa jaridar Afro-American ta Baltimore hotunan barkwanci na siyasa.

Zane bai ciyar da shi ba. Ya kama aikin jami'in jin daɗin jama'a a ƙarƙashin hukumar birnin New York, yana shiga gidajen talakawa yana duba halin da suke ciki. Ban da 'yan shekarun da ya yi a soja da waɗanda ya yi hutu, bai rabu da wannan aiki ba sai 1969. Da dare da ranakun hutu yake zane.

Ya yi aikin soja daga 1942 zuwa 1945, a rundunar da aka ware wa baƙaƙen fata. Bayan yaƙi ya samu karɓuwa ta ɗan lokaci a kasuwar zane ta New York, amma da yayi ya juya zuwa zanen da ba ya nuna siffar komai sai launi da layi, kasuwarsa ta ja baya. A 1950 ya tafi Faris da tallafin karatu na tsofaffin sojoji, ya halarci darussan falsafa a jami'ar Sorbonne. Da ya dawo sai ya kusa ajiye zane, ya koma rubuta waƙoƙi don neman kuɗi. Waƙar Seabreeze, wadda yake cikin marubutanta, Billy Eckstine da Dizzy Gillespie sun ɗauke ta a faifai. Amma hankalinsa bai kwanta ba, har ya yi fama da rashin lafiya mai nasaba da damuwa.

A 1954 ya auri Nanette Rohan, wadda iyayenta 'yan tsibirin Saint Martin ne a yankin Karebiyan. Ita ta ƙarfafa masa gwiwa ya koma zane. Ya sake zama ɗalibi: yana kwafar ayyukan tsofaffin masu zanen Italiya da Holan don ya gane yadda suke rarraba fili a cikin hoto, yana kuma nazarin zanen Sin. Wannan horo na shiru shi ya zama ginshiƙin abin da ya biyo baya.

4.0 Ƙungiyar Spiral da Sauyin Salo

A 1963 gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata ta kai ƙololuwa. A watan Yuli, gabanin babban tattakin birnin Washington na ranar 28 ga Agusta, wasu masu zane baƙaƙen fata suka taru a ɗakin aikin Bearden don tattauna rawar da ya kamata su taka. Suka kafa ƙungiya mai suna Spiral. Daga cikinsu akwai Hale Woodruff da Norman Lewis da Charles Alston, sai Emma Amos, wadda ita kaɗai ce mace.

Bearden ya kawo shawarar a yi aiki guda na haɗin gwiwa, ya zo da tarin hotunan da ya yanko daga mujallu. Abokansa ba su rungumi shawarar ba, sai ya ci gaba shi kaɗai. Ya yi ƙananan hotuna na liƙe-liƙe, sannan bisa shawarar Reginald Gammon aka ɗauki hotonsu aka faɗaɗa su cikin baƙi da fari. Dillalin zane Arne Ekstrom ya gan su a naɗe a ɗakin aikin, ya nace a baje su. An nuna su a watan Oktoba 1964 da sunan Projections. Bearden yana da shekara 53.

Abin da ya ja hankalin masu kallo shi ne fuskokin. Fuska ɗaya tana iya zama da ido daga hoton mujalla, da hanci daga sassaƙen Afirka, da baki daga wani hoton dabam. Hannu yakan fi kai girma, domin hannun mai aiki ne. Jaridun wancan lokaci sun saba nuna baƙar fata cikin talauci ko tarzoma kawai. Bearden ya yayyanka irin waɗannan hotuna ya sake shirya su, suka fito da wankan tsarki a kogi, da jana'iza, da cin abinci, da kiɗa, da mata masu magani. Gutsattsarin sun dace da tarihin mutanen da bauta da ƙaura suka warwatsa, waɗanda dole suka harhaɗa rayuwarsu daga abin da ya saura.

5.0 Manyan Ayyuka da Ƙarshen Rayuwa

Daga nan ya shigo da launi. Yana haɗa takardar da ya rina da kansa da ƙyallaye a kan katako, yana goge wasu wurare da takardar yashi don su yi kama da tsohon bango. A 1968 ayyukansa suka fito a bangon mujallun Fortune da Time. A 1970 ya yi Patchwork Quilt, inda ya manna ƙyallaye na gaske don nuna bargon da matan kudu suke ɗinkawa da ragowar yadi. A 1971 gidan adana zanen zamani na New York ya baje kolin ayyukansa. A shekarar ce ya yi The Block, alluna shida masu tsawon kusan mita biyar da rabi, waɗanda suke nuna layi guda na titin Lenox a Harlem kamar yadda ake hango shi daga gidan abokinsa marubuci Albert Murray. A ciki akwai shagon aski da coci da gidan shirya gawa, kuma an buɗe bangon gidaje ana ganin abin da ke gudana a ɗakuna. Wanda ya shekara da shekaru yana shiga gidajen mutane a bakin aiki ne zai iya irin wannan. A 1977 ya yi jerin hotuna kan labarin Odisiyas na Girkawa, ya mayar da mutanen labarin duka baƙaƙe.

Bai tsaya ga kansa ba. A 1969 shi da Norman Lewis da Ernest Crichlow suka buɗe zauren Cinque don matasan da manyan dillalai ba sa kulawa. Ya rubuta littafi kan tsarin hoto tare da Carl Holty, ya kuma yi aikin tarihin masu zane baƙaƙen fata tare da Harry Henderson, wanda aka buga a 1993 bayan mutuwarsa. A 1987 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha. Ya mutu a New York ranar 12 ga Maris 1988, bayan fama da cutar dajin ƙashi.

6.0 Tasirinsa da Abin da ke Kusa da Gida

Tasirin Bearden ya wuce fagen zane. Marubucin wasan kwaikwayo August Wilson ya samo tushen wasanninsa biyu daga hotunansa. Ɗaya daga ciki, The Piano Lesson, ya ci kyautar Pulitzer a 1990. A yau ma fasahar tana raye a hannun 'yan Afirka. Wangechi Mutu 'yar Kenya tana gina siffofin mata da yankakkun mujallu. Njideka Akunyili Crosby, wadda aka haifa a Inugu a 1983, tana cusa hotunan dangi da na mujallun Nijeriya a bango da tufafin mutanen da take zanawa.

Mai koyo da ya ga irin waɗannan ayyuka a intanet yana iya ruɗuwa ya kwaikwayi kamanninsu. Tarihin Bearden yana nuna cewa abin ɗauka shi ne hanyar aikin: sanin wuri da mutanensa, da horon tsara fili, da amfani da abin da hannu ya kai gare shi.

Ta wannan fuska yankin Kura da Bunkure ya isa misali. Tun kafin zuwan Turawa an san Kura da rini. Turkuɗinta siraran layukan saƙa ne da ake haɗawa da ɗinki, a tsoma a karofi, a buga da shuni har ya yi walƙiya, Buzaye su saya. Haɗa ƙanana su zama babba sana'a ce ta gado a garin. Bayan da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, magudanan ruwa suka raba ƙasar fangali-fangali: nan shinkafa, can alkama, gaba tumatir da albasa, kowane da launinsa, kamar zanen da aka yi wa faci. Wannan sauyi ya zo da nasa tarkacen: buhunan taki da na shinkafa masu rubutu, da takardun iri, da kwalayen magani, da kalandar bara, da ƙyallayen da tela yake sharewa. Ya kuma zo da mutanen da ba kasafai ake zana su ba, kamar 'yan ƙwadagon dashe, da mata masu turara shinkafa, da manomin da tumatir ya faɗi a hannunsa ranar da kasuwa ta cika. Idan 'ya'yan yankin ba su nuna su ba, hoton da zai saura shi ne na rahoton hukuma da na mai wucewa a mota.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Bearden ya taso tsakanin garuruwa uku, ya riƙe aikin albashi na tsawon shekaru, ya gwada salo da dama, sannan ya samu muryarsa da kayan da kowa yake zubarwa. Jinkirin bai zama asara ba, domin shekarun kwafar magabata da na shiga gidajen talakawa su suka ba almakashinsa ido. Hausawa kan ce da abin da ke hannu ake kai jifa. Ɗalibin zane a Kano ko Zariya wanda ya gaza sayen fenti yana da buhu da ƙyalle da gam, kuma yana da garin da ya sani ciki da bai. Abin da ya rage masa shi ne haƙurin koyon tsari, irin wanda Bearden ya yi kafin 1964.