Ludwig Guttmann: Likitan da ya ƙi yarda karayar ƙashin baya ta zama hukuncin kisa

Shekaru dubbai likitoci suka yi suna ɗaukar wanda lakarsa ta tsinke a matsayin mai jiran ajali. Wani daɗaɗɗen kundin likitanci na Misira, wanda aka rubuta fiye da shekara 3,000 da suka wuce, ya sanya irin wannan rauni cikin cututtukan da likita ba zai ɓata lokaci a kansu ba. Har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya labarin bai sauya ba, domin kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka sun rasu cikin 'yan makonni. Mutumin da ya fi kowa rusa wannan tunani shi ne Ludwig Guttmann, Bayahude ɗan Jamus da gudun hijira ya kai shi Ingila.

An haife shi ranar 3 ga Yuli, 1899, a garin Tost da ke yankin Silesia, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yau kuma yana Poland. Ya girma a Königshütte, garin mahaƙa kwal. A 1917 ya shiga aikin sa-kai a asibitin masu haɗari na garin, inda aka kawo wani ƙaƙƙarfan mahaƙi da ƙashin bayansa ya karye, ƙafafunsa suka shanye. Aka naɗe shi cikin filasta, aka kawar da shi gefe, aka kuma shaida wa saurayin cewa babu amfanin wahala a kansa. Bayan mako biyar mutumin ya rasu, sakamakon gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da suka zuba guba a jininsa. Wannan mutuwa ba ta bar zuciyar Guttmann ba har ya tsufa.

Ya yi karatun likita a Breslau da Freiburg, ya kammala a 1924, sannan ya zauna ƙarƙashin Otfrid Foerster, babban masanin tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Jamus a zamanin. Ya ƙware wajen gano inda jijiya ta lalace ta hanyar barbaɗa wa fata wani gari mai sauya launi idan ya haɗu da gumi. Wurin da launin bai sauya ba, nan jijiyar ta daina aiki. Tun kafin zuwan na'urorin CT da MRI, idon likita da haƙurinsa su ne kayan bincike.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, aka kori likitoci Yahudawa daga asibitocin gwamnati. Guttmann ya koma asibitin Yahudawa na Breslau, ya zama shugabansa a 1937. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, lokacin da aka far wa Yahudawa a faɗin Jamus, ya umarci ma'aikatansa su ba duk namijin da ya zo gado ba tare da tambaya ba. Washegari jami'an Gestapo suka iso, ya bi da su gado bayan gado yana kawo wa kowa cutar da za ta hana a tafi da shi. Cikin mutum 64, ya kuɓutar da 60. A watan Maris na 1939 ya isa Oxford da matarsa da 'ya'yansu biyu, ya shiga binciken raunin jijiyoyi.

A 1943 gwamnatin Birtaniya, tana hasashen yawan sojojin da za su jikkata a farmakin da ake shirin kaiwa Turai, ta nemi ya kafa sashen masu raunin laka. Ya karɓa bisa sharaɗin a sakar masa mara ya tafiyar da shi yadda ya ga dama. Ranar 1 ga Fabrairu, 1944, sashen ya buɗe a asibitin Stoke Mandeville, da gadaje ƙasa da 30 da majinyaci guda.

Abin da ya yi a can ba shi da ƙyalƙyali, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda lakarsa ta tsinke ba ya jin zafi a ƙasan raunin, don haka ba ya juyawa kamar yadda mai lafiya ke yi ko cikin barci. Nauyin jiki sai ya danne fatar kwankwaso da ɗuwawu da duga-dugai, jini ya daina kaiwa, nama ya mutu, gyambo ya ci har ƙashi. Guttmann ya kawar da gadajen filasta, ya kafa dokar juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a tallafe shi da matasan kai. Yakan faɗo ɗakin jinya tsakar dare don ya ga ko ana bin dokar. Matsala ta biyu ita ce mafitsara, wadda ba ta iya zubar da fitsari da kanta, ƙwayoyin cuta su taru su haura ƙoda. Maimakon huda mara ko barin roba a jiki, ya fifita a riƙa sanya tsaftatacciyar roba lokaci-lokaci, a zubar, a cire. Adalci ne a ce zuwan maganin penisilin ya dafa masa, kuma Donald Munro na Boston ya riga shi fara irin wannan kulawa a Amurka. Amma Guttmann ne ya haɗa jinya da motsa gaɓoɓi da koyon sana'a wuri guda, yana nufin mutum ya koma gida ya ci guminsa.

Mutum ne mai tsauri, ba ya son musu, duk da haka majinyata suna kiransa Poppa, wato baba. Ba duk ra'ayinsa ne ya ɗore ba. Ya yi adawa da gaggawar tiyata, ya fi son a daidaita ƙashi ta hanyar kwanciya da tallafi, alhali yau likitoci da dama kan yi aiki da wuri don ɗauke matsi daga laka su kuma ɗaure ƙashin da ƙarfe.

Mai karatu a Abuja ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan inda wannan tarihi ya shafe shi. Hanyar Kaduna da ta Lokoja da baburan haya suna aika masu karayar wuya da baya zuwa Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Sau da yawa masu taimako kan ciccibo wanda ya yi haɗari su lanƙwasa shi cikin mota, ko dangi su fara kai shi wajen maɗori, alhali motsa karyayyen wuya na iya ƙarasa lakar da ta saura. Bayan sallama kuma jinya takan koma hannun mata ko uwa da ba wanda ya koya musu juyi da tsaftar roba. Abubuwan da suka kashe mahaƙin Königshütte su ne har yanzu ke barazana a ɗakunanmu, kuma rigakafinsu ya fi hoton MRI guda araha.

Wasanni sun shigo ne a matsayin magani, don ƙarfafa kafaɗa da hannu da kuma farfaɗo da zuciya. Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan keken guragu, maza 14 da mata biyu. A 1952 tsofaffin sojojin Holan suka shigo, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1960 aka kai ta birnin Rum da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23, kuma ita ake ƙirgawa a matsayin gasar Paralympics ta farko. Najeriya ta fara halarta a Barcelona a 1992, ta kuma dawo daga Rio a 2016 da zinare takwas, akasari daga ɗaga nauyi.

Guttmann ya kafa ƙungiyar likitocin shanyewar jiki ta duniya a 1961, ya zama shugabanta na farko. A 1966 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma ta Sir, a shekarar kuma ya sauka daga shugabancin sashen, ya mai da hankali kan wasanni da rubutu. Ciwon zuciya ya kama shi a watan Oktoba na 1979, ya rasu ranar 18 ga Maris, 1980, yana da shekara 80.