Robert Arthington, Mai-arziki da Wasiyyarsa

A wannan wata muna so mu ba masu-karatunmu labarin wani bawan Allah wanda bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, amma dukiyarsa ta kai Bishara wurare masu nisa. Sunansa Robert Arthington. An haife shi a birnin Leeds, cikin ƙasar Ingila, a shekara ta 1823. Ubansa mai gidan yin giya ne, amma daga baya zuciyarsa ta kashe shi, ya bar sana'ar. Sa'anda iyayensa suka rasu, Robert ya gāji dukiya mai yawa, ya sa ta cikin kamfanonin jirgin ƙasa, ta yi ta haihuwa.

Bai yi aure ba. Yana da babban gida a unguwar Headingley, amma cikin ɗaki ɗaya yake zama, shi yake dafa abincinsa, tufafinsa kuwa tsofaffi ne. Maƙwabta suna ce da shi marowaci. Ba su san inda kuɗin yake tafiya ba. Abin da yake damunsa dare da rana shi ne kabilun da ba su taɓa jin sunan Ubangiji Yesu ba.

A shekara ta 1877 ya ba mishan na Baftis fam 1,000 domin su fara aiki a Kwango. Daga baya ya ba da kuɗin ƙera jirgin ruwa mai suna Peace, wato Salama. Aka kawo jirgin gunduwa-gunduwa, 'yan dako suka ɗauke shi a ka, suka wuce wuraren da kogin ba ya biyuwa. George Grenfell da ma'aikatansa 'yan Afirka suka harhaɗa shi, ya hau ruwa a 1884. Arthington ya ba Mishan na London fam 5,000 kuma domin aiki a bakin tafkin Tanganyika. Shi ne ya aiki Lorrain da Savidge zuwa Indiya, suka isa duwatsun mutanen Mizo a 1894. Yau yawancin kabilar nan masu-bi ne.

Ya rasu a shekara ta 1900, ya bar kusan fam miliyan ɗaya. Cikin wasiyyarsa ya raba dukiyar kashi goma: biyar na mishan na Baftis, huɗu na Mishan na London, ɗaya na danginsa. Nufinsa shi ne a buɗe sabon aiki inda ba a kai ba tukuna, kowace kabila kuma ta sami Bishara ta Luka, da ta Yohanna, da Ayyukan Manzanni cikin harshenta.

Amma ga abin baƙin ciki. Ba a rubuta wasiyyar sarai ba, maganarta ta rikice. Dole aka kai ta gaban alƙalai, waɗansu dangi kuma suka taso da tasu magana. Sai a 1910 aka raba kuɗin, shekara goma bayan rasuwarsa. Mutumin da ya hana kansa jin daɗi domin kada Bishara ta yi jinkiri, takardarsa ce ta jawo jinkiri. Duk da haka Allah ya sa albarka, kuɗin ya yi aiki a Afirka da Asiya har shekara ta 1936.

'Yan'uwa, ba mu ce kowa ya koma ɗaki ɗaya kamar Arthington ba, gama wajib ne mutum ya ciyar da iyalinsa. Amma ya tuna mana cewa mu wakilai ne, dukiya ta Allah ce, za mu kuwa ba da lissafin abin da muka bari kamar na abin da muka kashe.

Da yawa a cikinmu suna tsoron maganar wasiyya, sai ka ce ita take kiran mutuwa. Ba haka ba ne. Mun sha ganin maigida ya rasu bai bar magana ba, kafin a share makoki dangi sun kwashe hatsi da awaki, gwauruwa da marayu sun rasa gonar da za su noma. 'Yan'uwan da suke zama benci ɗaya cikin sujada sun daina gaisawa saboda gādo.

Saboda haka kada mu jira ciwon ajali. Tun muna da lafiya da hankali, bari mu sa a rubuta nufinmu dalla-dalla: gona kaza ta wane, gida na wane. Mu nemi wanda ya san doka ya duba takardar, shaidu amintattu su sa hannu, a ajiye ta inda za a same ta. Mu fara da matanmu da 'ya'yanmu. Sa'annan mu tuna da aikin Ubangiji, da marayu, da marasa lafiya, ko da akuya ɗaya ce ko buhun dawa. Arthington ya yi niyya mai kyau, takardarsa ce ta kasa. Allah ya ba mu irin zuciyarsa, ya ba mu hikimar rubuta tamu wasiyya sarai. Amin.