Likita Ivan Magill, Mai Mesar Numfashi

Mun ga ya kamata masu karatu su san Ivan Magill, haifaffen Larne ta ƙasar Ailan, cikin 1888. A 1919 ya kama aiki a asibitin Sidcup, Ingila, inda ake gyaran fuskokin sojan da yaƙi ya raunata. Marufin shaƙar maganin barci kan tare wa mai fiɗa wuri. Saboda haka Magill ya riƙa zura mesar roba ta hanci har maƙogwaro, numfashi ya bi ta ciki. Ya rasu a 1986.

Yau in za a yi wa mace fiɗa ta 'yar kafa a ciki, likitoci kan gwada irin mesarsa da marufin bakin maƙogwaro. Amma inda ake tsoron amai ya shiga huhu, mesa ake zaɓa.