Baba ta Karo, 1877–1951

A cikin matan ƙasar Kano na zamanin da, da wuya a sami wadda labarinta ya kai ƙasashen waje kamar Baba ta Karo, ga shi kuwa ba 'yar sarki ba ce, ba ta kuma taɓa riƙe wani muƙami ba. An haife ta wajen 1877. Ta tashi a Karo kusa da Zarewa, yamma da ƙasar Kiru, wajen iyaka da Zazzau. Mahaifinta malami ne, manomi kuma. Ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan riƙo.

Tana ƙarama, danginta suna da rinji, bayi maza da mata su ke noma. Matan gida kuwa sana'arsu tana cikin gida: kaɗi, da saƙa, da dafa abincin sayarwa, yara su kai talla. Abin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko a kansa. Da shi take biki, da shi take tara wa 'ya kayan ɗaki.

A 1903 Turawa suka ci Bebeji, suka wuce Kano. Da bauta ta mutu, matan da aka 'yanta da yawa suka bar gona, don a ganinsu noma aikin baiwa ne, kulle kuwa alamar 'yanci. To, a lokacin nan ne aikin albashi ya shigo, watau akawu da malanta da aikin asibiti, duk ta ƙofar makaranta. Ɗan Hausa ya buɗe wa yara maza makaranta a Nasarawa a 1909. 'Yan mata sai wajen 1930 aka fara tasu a Kano da Katsina. Shekara ashirin ba wasa ba ce. Kafin mata su iso, maza sun cika kujerun En'e.

A ƙarshen 1949 Baba tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta sadu da wata Baturiya, Mary Smith, wadda ta ji Hausa. Ta yi makonni tana ba ta labari, ita kuwa tana rubutawa. Akawun haraji maza yake ƙirgawa da sana'arsu. Aikin da ake yi bayan zaure ba ya shiga littafinsa. Baba ce ta sa ya shiga takarda.

Ta rasu a 1951. Aka buga littafin da Turanci a London a 1954, ba ta gan shi ba. Allah ya jiƙanta.