Sarauniya Amina ta Zazzau: Abin da tarihi ya ajiye kafin fim ya zo

Tun da aka saki tallar fim ɗin Amina na Izu Ojukwu masu kallo suka ƙosa su gan shi: ga dawakai, ga takubba, ga Ali Nuhu cikin 'yan wasa. Da ya fito a Netflix a Nuwamban 2021, sai ƙorafi ya biyo baya a Arewa, cewa da Turanci aka yi shi kuma an yi wa labarin kwaskwarima.

Abin da magabata suka rubuta a kanta kaɗan ne. Littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta shafe shekara 34 tana yaƙi har ta kai Kwararrafa da Nufe. Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Goron nan ya cancanci a tsaya a kansa fiye da takobin, domin shi ne shaidar hanyoyin fatauci da yaƙoƙinta suka buɗe wa ƙasar Hausa.

Labaran baka kuwa sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, ta hau mulki bayan ɗan'uwanta Karama wajen 1576, wato tazarar fiye da shekara 100 ke nan. Su ne kuma suka ce duk inda ta yada zango sai ta gina ganuwa, shi ya sa har gobe ake kiran wasu tsofaffin ganuwoyi da sunanta.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa Kano da Katsina sun biya ta haraji, kuma a Atagara ta rasu.