Rachel Carson: Matar da ta tsaya wa tsuntsayen bakin teku

Mu a Maraɗi ba mu da teku, amma mun san shamuwa mai zuwa gaban damina, mun san tsuntsayen da ke sauka tafkin Madarumfa. Saboda haka labarin wannan baiwar Allah ba zai yi mana nisa ba.

An haife ta a 1907 a jihar Pensilbaniya ta Amurka, gidan marasa hali. Ta karanci ilimin dabbobi har digiri na biyu a 1932, sai rashin kuɗi ya tsayar da ita. Mahaifinta ya rasu a 1935, yayarta ta bi shi a 1937 ta bar 'yan mata biyu. Ita ta ɗauki gidan gaba ɗaya da ɗan albashinta na ma'aikatar kula da kifaye. Duk macen da ke ciyar da marayu da ribar tebur ta san nauyin wannan kaya.

A 1947 ta rubuta ɗan littafi kan tsibirin Plum, wani dogon tudun rairayi tsakanin teku da fadama wanda gwamnati ta keɓe wa tsuntsaye, mafarautan wurin suna ta ƙorafi. Ta nuna tsuntsu matafiyi ne, in bai samu zango ba, ba zai kai inda ya nufa ba. Har yanzu, daga Afrilu akan rufe yawancin gaɓar ga masu yawon shaƙatawa, domin wata 'yar tsuntsuwa da ke ƙwai a kan rairayi tsirara, inda ƙafa ɗaya ta isa ta murƙushe shi.

Babban faɗanta ya zo a 1962 da littafin Silent Spring. Ta bayyana cewa maganin ƙwari na DDT ba ya ɓacewa bayan feshi. Taruwa yake a kitsen kifi da tsuntsu, har ya iso tukunya. Ba ta ce a daina magani ba, barbaɗa shi ba awo ta ƙi. Masu lambun Jiratawa da masu ajiye wake a kasuwar Tibiri, wannan magana tamu ce, musamman da yake buhu mai ninki uku yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba.

Kamfanonin magani suka yi mata ca, alhali tana fama da ciwon dajin nono, ta kuma ɓoye shi. Ta rasu a 1964 tana da shekara 56. A 1972 Amurka ta hana feshin DDT a gonaki.